Awa biyu na ce wa Kawu, sai ga ni da dpkg har asuba

Abun da na faɗa wa Kawu shine awa biyu. Nace Kawu in kun rufe shago ranar Alhamis bayan isha'i a bar min mukulli, awa biyu na gama sabunta tsarin kwamfutar lissafin shago, dama ai ranar Juma'a ba kwa buɗewa sai an sauko daga masallaci, ko da wani abu ya ɗan turje ina da safiya gaba ɗaya. Ya kalle ni yace "to injiniya, ni dai kar ka taɓa min lissafin bashi." Injiniya ɗin nan da yake kirana tsokana ce, tun ina makaranta yake min ita.

Kwamfutar da ake magana wata tsohuwar destof ce da na mayar da ita saba, wato wadda sauran kwamfutocin shago ke ɗaukar bayanai daga wurinta, tana ƙarƙashin teburin akawu kusa da kwalayen rasit, tsarin Linux na Ubuntu sigar 20.04 ne a kanta babu hoto babu linzami sai baƙin allo, kuma a cikinta akwai Apache mai fito da shafuka da PHP da MySQL mai ajiye bayanai da wata 'yar manhaja da ni na rubuta da hannuna ta lissafin kaya da na masu bashi, kwamfutoci biyu na gaban kanta suna shiga ta burauza. Shekaru tana aiki ba ruwanta da kowa. To amma 20.04 ta fito ne a Afrilun 2020 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a watan Mayun 2025, wato gyare-gyaren tsaro sun tsaya sai ga wanda ya shiga Ubuntu Pro, kuma ba a tsallakawa daga ita zuwa 24.04 kai tsaye, dole sai ka bi ta 22.04 tukunna. Na yi ta ɗaga ranar yau gobe jibi har dai na gaji da kaina.

Abu ɗaya na hankali da na yi a daren nan shine kafin in taɓa komai na kwafe bayanan MySQL da mysqldump na zuba a fulas, na haɗa da /etc da /var/www, na zare fulas ɗin na sa a aljihun gaba. Daga nan na shiga ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga laftof ɗina na yi apt update da apt upgrade na kashe na kunna, sannan na buga sudo do-release-upgrade, umarnin da ke kai tsarin zuwa sabuwar siga, ina jiran ya fara min tambayoyinsa. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya watso min jerin layukan Python, na ƙarshe yana cewa No module named 'apt_pkg'.

Wallahi na san saƙon nan. Kusan shekara biyu duk sanda na yi apt update sai na gan shi a can ƙasa bayan an gama sauke jerin fakej, wato ƙunshin manhajojin da ake sakawa, wani ɗan sikirif mai suna cnf-update-db ne ke faɗuwa, shi ne mai tara sunayen da ake ba ka shawara da su in ka buga umarnin da babu shi a kwamfutar. Tunda apt upgrade yana tafiya lafiya sai na maida shi kamar ƙarar fankar da ta kwance, kana ji amma ka daina ji. Asalin abun kuwa ni ne. Akwai lokacin da nake son gwada wani abu da ke buƙatar Python 3.9, na saka shi, sai na ga buga python3.9 kullum ya min tsawo, na je na yi amfani da update-alternatives na juya /usr/bin/python3 ya koma nuna 3.9 maimakon 3.8 da tsarin ya zo da shi. Na gama gwajina na manta.

Matsalar ita ce apt_pkg ba rubutun Python zalla ba ne, haɗaɗɗen laburare ne da aka gina don sigar Python ɗaya tak, in ka leƙa /usr/lib/python3/dist-packages za ka ga sunan fayil ɗin da kansa yana ɗauke da cpython-38, to 3.9 in ya zo nema ba ya ma kallonsa. Shi kuma do-release-upgrade da Python aka rubuta shi kuma ta /usr/bin/python3 yake tashi. Shikenan nace abu mai sauƙi, na buga update-alternatives --config python3 na zaɓi 3.8, na duba python3 --version ya ce 3.8, na sake gwadawa. Wannan karon ya wuce, ya sauko da kayan aikin ɗagawar, ya tabbatar da sa hannun, allo ya share kamar za a fara, sai ya tsaya yace Your python3 install is corrupted. Please fix the '/usr/bin/python3' symlink.

Nan fa na fara jin haushi, don ai na gyara. Na buga python3 ya buɗe 3.8, na yi import apt_pkg ya shiga ba gardama, to wace lalacewa kuma? Na sake zaɓar 3.8, na sake gwadawa, amsa ɗaya. Na kashe na kunna, wai ko zai huce, amsa ɗaya. Kusan minti arba'in na ɓata a wannan zagayen kafin na tuna cewa kayan aikin nan yana rubuta duk abun da yake yi a /var/log/dist-upgrade/main.log, na buɗe, a layukan ƙarshe ga shi ɓaro-ɓaro yana cewa shi ya ga python3 yana nuna /etc/alternatives/python3 alhali abun da yake tsammani python3.8 ne. Don in tabbatar na yi grep na kalmar corrupted a cikin foldar DistUpgrade, na faɗa kan wurin a DistUpgradeController.py, 'yan layuka ne kawai: yana karanta sigar da ya kamata daga /usr/share/python3/debian_defaults sannan ya duba inda mahaɗin /usr/bin/python3 ya nuna, taki ɗaya kawai, ba ya bin sawu har ƙarshe. Wato kamar ka tambayi yaro gidan wane ne nan, yace je ka tambayi mai shagon can, kai kuma kace a'a ni daga bakinka nake son ji. Ta hanyar alternatives ko da ƙarshen hanyar 3.8 ne, shi a wurinsa ba daidai ba ne. Kuma da na zauna na yi tunani ban ga laifinsa ba, a tsakiyar aikin za a cire 3.8 a kawo 3.10, in akwai wani ɗan tsakiya da fakej ɗin bai san da shi ba ana iya wayar gari python3 na nuna inda babu kowa.

Na yi update-alternatives --remove-all python3, wanda ya tafi da /usr/bin/python3 ɗin gaba ɗaya, na ɗan ji gabana ya faɗi, sannan na maida shi da hannu da ln -s python3.8 /usr/bin/python3. Ya wuce. Ya gaya min tunda ta SSH nake zai buɗe wata ƙofar ta biyu a lamba 1022 ko da ta farkon ta mutu a hanya, nace madalla, ya lissafo fakej nawa zai cire nawa zai saka nawa zai ɗaga, na danna y. Lokacin sha ɗaya saura. Awa biyun da na yi alkawari ta riga ta tafi ko fara aikin ba a yi ba.

Saukewar ta ɗauki lokacinta, na fita wajen mai shayin bakin layi na sha kakkaura da biredi na dawo, na tarar ya gama saukewa ya shiga kwance kaya, layukan Unpacking suna ta gudu sama. Ina zaune a kan kujerar akawu ina danna waya, ɗif, aka ɗauke wuta. UPS ɗin da ke ƙarƙashin tebur ya yi tit sau uku ya yi shiru. Batirinsa ya mutu tun yaushe ban sani ba, da rana janaretan layin ne ke karɓa da sauri shi ya sa ba wanda ya lura, ni kuma da na zo da fulas da laftof da komai ban yi tunanin in zare filoginsa in gwada shi na minti ɗaya ba. Na zauna a duhu da hasken laftof, tagar SSH ta daskare a tsakiyar wani layi.

Mai janareta ya tashi tun tara. Na jira rabin awa ko za a kawo, ba a kawo ba. Maigadi ne ya riƙe min tocila na kwance wayoyin, muka ɗaure kwamfutar a bayan mashin da roba, yana ta min sannu kamar wanda zai kai mara lafiya asibiti, na kama hanyar gida inda nake da 'yar sola.

A gida na jona ta da talabijin ɗin falo na kunna ina addu'a. GRUB, allon farko mai tada tsarin, ya fito, ta tashi, ta ba ni wurin shiga. Alhamdulillahi. Amma lsb_release -a yana cewa 22.04 ce, uname -r kuma yana nuna tsohon kanel 5.4, sources.list, jerin wuraren da apt ke sauko da fakej, duk an riga an maida shi jammy (sunan 22.04) daga focal (sunan 20.04), wato kai ya shiga ɗaki ƙafafu na waje. Na jona wayata da kebul na kunna raba intanet ta USB, na duba sunan da ta fito da shi a ip link na yi mata dhclient na samu netwok. Na gwada apt, yace dpkg was interrupted, in je in yi dpkg --configure -a da hannu.

Ga wanda bai saba ba, apt da dpkg ba abu ɗaya ba ne duk da kullum tare ake ganinsu. apt shi ne dillali, shi ya san wane fakej ke buƙatar wane, wace siga ta dace da wace, ina za a samo, shi ke saukowa ya tsara wa zai riga wa. dpkg shi ne mai aikin ƙarfi, a miƙa masa fayil ɗin .deb ya kwance ya jera kayan a inda ya dace ya rubuta a littafinsa, littafin nan shine /var/lib/dpkg/status, sannan a foldar /var/lib/dpkg/info yana ajiye wa kowane fakej 'yan takardunsa, akwai .list mai jerin duk fayilolin da fakej ɗin ya zo da su, akwai .md5sums, akwai sikirif irin su postinst da prerm da ake gudanarwa bayan sakawa ko kafin cirewa. Kuma aikinsa hawa biyu ne, kwancewa daban saitawa daban, a babban ɗagawa irin wannan yakan kwance fakej da yawa a jere kafin ya dawo ya bi su yana saitawa. Ni a tsakiyar kwancewar wuta ta same ni. Na buga dpkg -l na tace duk wanda bai fara da ii ba, ii shine lafiyayye an saka an saita, sai ga iU sun cika allo sun wuce, ɗaruruwa, an kwance ba a saita ba, da iF guda biyu uku da aka fara saitawa ba a ƙarasa ba, da wani guda ɗaya iHR wanda shi a tsakiyar kwance shi ɗin ma aka yanke, dpkg da kansa ya kira halin da yake ciki very bad inconsistent state, na yi dariya ni kaɗai a falo ƙarfe ɗayan dare don nima halin da nake ciki kenan.

dpkg --configure -a ya saita waɗanda zai iya, sauran yace dependency problems, abun da suke jira ba a kai ga kwance shi ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, aikin dillali ne, na kira apt --fix-broken install. Ya yi lissafinsa ya kawo dogon jeri, kuma daɗin abun kusan komai na nan a /var/cache/apt/archives ba sai na sake ƙona data ba. Na danna y. Ya fara Reading database sai ya faɗi, layin ƙarshe E: Sub-process /usr/bin/dpkg returned an error code (2).

Wannan layin na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi cin mutane, nima ya sha cina. Shi ido ke fara gani don shi ne a ƙasa, shi ake kwafa a kai Google, kuma amsoshi dubu za su fito don kowace irin cuta da shi take ƙarewa. Ba komai yake faɗa ba illa apt na cewa na aiki dpkg ya dawo yace bai yiwu ba. Dalilin yana sama. Na sake gudanarwa na haɗa da 2>&1 da tee na zuba komai a fayil na buɗe da less, layi biyu sama da wancan ga ainihin maganar: files list file for package 'fonts-dejavu-core' is missing final newline, kuma dpkg ya kira ta unrecoverable, ya ajiye aiki gaba ɗaya. Fakej ɗin haruffa fa, wanda ba ruwan sabar shago da shi sosai, shi ya tsayar da komai, saboda dpkg kafin ya kwance ko da abu ɗaya sai ya karanta .list na kowa da kowa don ya san wane fayil na wane ne, in ɗaya ya ƙi karantuwa ba zai yi gaba da ka ba.

Na yi cat na fayil ɗin, ba abun da ya fito. Na yi ls -l, yana da girma, ba fanko ba ne. Sai na buɗe shi da od -c, abun da na gani \0 \0 \0 layi guda, sai alamar tauraro da ke nufin haka yake har ƙasa. An rubuta cewa fayil ɗin yana da tsawo kaza, amma abun cikinsa bai kai ga sauka a faifan ba wuta ta tafi, sai sifili zalla. Kamar buhun da aka ɗinke aka rubuta masa kilo hamsin a jiki, ka buɗe ka tarar da ƙaiƙayi.

A nan ne na kusa yin wautar da ta fi ta Python. Akwai wata shawara da ke yawo sosai, wai ka matsar da foldar info ɗin gaba ɗaya gefe ka ƙirƙiri sabuwa fanko sai apt ya wuce. Eh zai wuce, ƙorafin zai ɓace, amma ka kwashe wa dpkg duk abun da ya sani game da kowane fakej, bai san wane fayil na wa ba, ba shi da sikirif ɗin saitawa, zai rubuta maka ii a gaban abubuwan da ba a taɓa saita su ba kuma sai bayan wata uku abun zai fashe maka a wani wuri da ba za ka taɓa haɗa shi da daren nan ba. Har na rubuta mv ɗin, yatsana na kan Enter, barci ne ke tuƙa ni a lokacin, na goge. Na tashi na wanke fuska na dawo na fara da cp -a /var/lib/dpkg zuwa /root, ko me zan ɓata ina da inda zan koma. Sannan na yi grep -laP na neman sifilin a duk cikin foldar info, maimakon in jira dpkg ya riƙa nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Fayil biyar suka fito, na fakej biyu kacal. Su kaɗai na kwashe na kai wata folda da na sa wa suna lalatattu.

Da ka cire .list, dpkg zai yi gargaɗi cewa bai ga jerin ba don haka zai ɗauka fakej ɗin ba shi da fayil ko ɗaya, amma zai ci gaba, kuma da zarar ka sake saka fakej ɗin zai rubuta sabon jeri. Na je archives na yi dpkg -i na fakej ɗin haruffan, ya shiga. Na biyun ne ya ɗan ja, ashe akwai wani postinst nasa da grep ɗina bai kama ba don shi ba sifili ne a ciki ba, fanko ne gaba ɗaya girmansa 0, dpkg ya zo gudanar da shi yace Exec format error. Nan ma akwai gajeriyar hanya da ake bayarwa, ka buɗe sikirif ɗin ka rubuta exit 0 ka rufe, wato ka yi wa dpkg ƙarya cewa an yi aikin. Ban bi ta ba tunda ainihin .deb ɗin na hannuna, .deb kuwa ba wani sihiri ba ne, ƙunshi ne mai ɗauke da kayan a gefe ɗaya da takardun sarrafawa a gefe ɗaya, dpkg-deb -e ya zaro min takardun a wata folda, na ɗauki postinst na gaskiya na maida shi mazauninsa da sunan da ya dace na ba shi izinin gudana. Na ƙara da find -size 0 a kan sauran sikirif ɗin don kar a sake min bazata. Na maida wancan mai iHR shima da dpkg -i.

apt --fix-broken install ya kama gudu, Setting up, Setting up, Setting up, na jingina da kujera har na fara gyangyaɗi. Ya tsaya sau biyu yana tambaya ko in riƙe fayil ɗin saitina ko in karɓi na mai fakej, na danna D na duba bambancin na riƙe nawa. Wajen uku da rabi ya sake faɗuwa, wannan karon error code (1), kuma wanda ya faɗi shine mysql-server-8.0. Lissafin bashin Kawu.

Na taɓa aljihuna na ji fulas na nan. Saƙon yace post-installation script ya dawo da exit status 1, ni kuma da zafin kai na buɗe /var/lib/dpkg/info/mysql-server-8.0.postinst na sa set -x a sama don ya riƙa faɗar duk layin da yake gudanarwa, na sake dpkg --configure, ya zubo min layuka kamar ruwan Agusta, na bi su har inda ya tsaya, a wurin tada sabis ɗin mysql ne. Sai da na koma fayil ɗin da na tara da tee na ga ashe tun farko an rubuta min Job for mysql.service failed har da cewa in duba journalctl, layi shida sama da inda idona ya tsaya. Abun da na gama yi wa wasu dariya a kai awa biyu da suka wuce. Na cire set -x ɗina na buɗe /var/log/mysql/error.log ina tsammanin in ga teburan sun farfashe, sai na ga InnoDB, injin da ke riƙe teburan MySQL, ya yi farfaɗowarsa bayan yankewar wutar lafiya lau, abun da ya hana shi tashi shine Bind on TCP/IP port: Cannot assign requested address.

Dariya ta kama ni. A saitin MySQL na taɓa sa bind-address ya zama adireshin sabar na cikin shago, irin 192.168 ɗin nan, don in riƙa shiga daga laftof. Adireshin kuma yana hawa ne kan katin netwok in an jona kebul da rauta. Yanzu ga kwamfutar a falona ba kebul ba rauta sai waya, adireshin babu shi, MySQL ya nemi ƙofar da aka ce ya tsaya ya rasa ya koma ya kwanta, postinst ya ga bai tashi ba yace ban gama ba, dpkg yace ban gama ba, apt yace error code (1). Babu abun da ya lalace, wurin zama kawai aka canza masa. Na so in gyara saitin zuwa 127.0.0.1 amma na san kaina, zan manta in maida, irin mantuwar da ta kawo ni nan. Sai na ɗora adireshin na wucin gadi a kan lo, netwok ɗin cikin kwamfutar da ba ya buƙatar kebul, da ip addr add, wanda da an kashe an kunna zai ɓace da kansa. dpkg --configure -a, MySQL ya tashi, na shiga na ƙirga layukan teburin bashi na duba ranar shigarwa ta ƙarshe, Alhamis da yamma, daidai.

Sauran tafiyar ba labari. Tunda sources.list na kan jammy ba sai na koma wa do-release-upgrade ba, apt full-upgrade ya ƙarasa abun da ya rage, apt autoremove ya kwashe tarkace bayan na karanta jerin sau biyu, dpkg --audit ya dawo shiru. Don zuciyata ta kwanta game da sifilin nan na yi dpkg --verify wanda ke gwada fayilolin da ke faifai da md5sums ɗinsu, ya fito da 'yan fayilolin saiti da ni na canza da hannuna, da wani guda ɗaya a /usr/share da ba ni na taɓa ba, na tambayi dpkg -S na wane ne na yi masa apt install --reinstall. Na kashe na kunna, uname -r yace 5.15. Ana kiran assalatu.

Na yi barcin awa uku na maida ta shago kafin sha ɗaya, na jona komai, na buɗe burauza a kwamfutar gaban kanta, ba a samu shafi ba. Apache bai tashi ba, apachectl configtest yace yana neman libphp7.4.so babu shi, 22.04 da PHP 8.1 ta zo. a2dismod php7.4, a2enmod php8.1, ristat, shafin shiga ya fito. Na gwada duba kaya ya yi, duba bashi ya yi, na kulle na tafi masallaci da ƙwarin gwiwa.

Bayan an sauko ina cin abinci yaron shago ya kira, "Yaya, in mun danna ajiye ciniki fari kawai yake nunawa." Na bar abincin. Na tarar da mutum huɗu a tsaye, yaran sun koma rubutu a littafi, Kawu na zaune a kujerarsa da carbi bai ce min komai ba wanda ya fi faɗa ciwo. Log ɗin Apache ya nuna mysqli_sql_exception, Duplicate entry. Daga PHP 8.1 mysqli, mai haɗa PHP da MySQL, ya daina haɗiye kuskure shiru, jefo shi yake yi, ni kuma a manhajar da na rubuta akwai wani umarnin INSERT da ke ƙoƙarin sake shigar da sunan kwastoma duk sanda aka yi ciniki, in yana nan sai ya faɗi shiru a wuce, shekara da shekaru yana faɗuwa sau ɗari a rana ba wanda ya sani har ni mai shi. Na sa mysqli_report(MYSQLI_REPORT_OFF) a saman fayil ɗin haɗi don layi ya tafi, na rubuta a bayan wani rasit cewa in dawo in gyara INSERT ɗin da gaske, na manna a jikin kwamfutar da selotef.

Rasit na farko ya fito daga firinta. Kawu ya miƙa hannu aka ba shi ya duba, yace a buɗo masa bashin wani mutumin Dawanau, aka buɗo, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo yace "injiniya, awa biyun taka irin ta masu ɗinki ce ko?" Nace Kawu batirin UPS ne ya mutu. Yace nawa ne, na faɗa, ya zaro ya ba yaro yace a sayo yanzu, ya ƙara da cewa a haɗo min da lemo mai sanyi.

Kafin in rufe laftof na sake shiga ta SSH don in tabbatar adireshin shagon ya hau kuma MySQL na sauraro a inda ya saba. Saƙon maraba ya fito, a ƙasansa an rubuta wai akwai sabuwar siga 24.04, in buga do-release-upgrade in ɗaga. Tallafin 22.04 sai 2027 zai ƙare. Na buga exit.